Malamin Da Ya Kwashe Asabarin Gari

Ba zan taɓa mantawa da ƙarfe biyu na wata ranar Laraba ba, ko da zan manta sunan kakana. Waɗanda ke wurin su ne ni, da yaran makarantata, da wani mai majigi da ake kira Ɗanjuma, da wata tsohuwa, Inna Gwamma, wadda ba wanda ya gayyace ta. Matata Hajara ba ta wurin, amma tana da nata kason laifi, za mu zo kansa a inda ya dace. Ni mutum ne mai son a bi abu daki-daki, don haka zan fara daga farko.

A lokacin ba a daɗe da tare ruwan Kainji ba. Ruwa ya hau ya cinye gungayen da mutane suka gada, aka kwaso su aka zuba a sababbin garuruwa bakin tafki. Ɗaya daga ciki, can wajen Wara, nan aka turo ni daga Yelwa in buɗe makaranta. Karatuna ba mai nisa ba ne, amma ina da agogo, ina da bulala, ina kuma da fuskar da ba ta san dariya ba. A ganina waɗannan sun isa.

Sai na bayyana muku garin, don a kansa maganar ta rataya. Gidajen duk na siminti ne, duk launin toka, duk rufi iri ɗaya mai lanƙwasa kamar bayan kunkuru. An share itatuwa kafin a yi gini, ba kuka ba tsamiya da mutum zai ce daga nan zan karya dama. Abin da ke raba gida da gida shi ne asabarin da kowace mace ta rataya a ƙofa. Wata ta rina nata da shuni, wata ta ɗinka masa tsumma a gefe. Namu Hajara ta ratsa masa jan zare a tsakiya. Da wannan jan zare nake gane gidana, amma ban san da shi nake ganewa ba. Na ɗauka basira ce.

Matsalata ita ce yara. Iyaye maza sun fi son su a kwalekwale suna jan taru, iyaye mata kuwa abin da Inna Gwamma ta ce shi suke yi. Ita ce ta yanke cibiyar rabin garin, sauran rabin kuma jikokinta ne. Babban malamin da ke zagaya makarantu ya riga ya gaya mini, in ya dawo ya tarar da benci sun fi yara yawa, za a rufe makarantar in koma Yelwa. Ni kuwa na fito daga Yelwa da rakiya da guɗa, ba ni da fuskar komawa.

Duk da haka, aikin farko da na yi a garin shi ne ɓata wa Inna Gwamma rai. Kullum bayan magariba yara kan taru a tabarmarta ta yi musu tatsuniya, da safe su zo mini suna hamma. Sai na kafa doka cewa ɗan makaranta ba ya jin tatsuniya. Na ba da dalilai uku, a jere: ƙarya ce, tana hana barci, kuma dabba ba ta magana. (Na ukun na fi alfahari da shi. Har a allo na rubuta.)

To, ranar Larabar nan sai ga motar majigi ta tsaya a garinmu shan ruwa. Za su Wara ne su nuna da dare. Na je na sami Ɗanjuma, na roƙe shi ya nuna wa yarana wani abu mai amfani kafin su wuce, don na san in labari ya bazu cewa a makaranta ake ganin majigi, gobe sai na rasa wurin zaunar da yara. Ya dube ni, ya dubi rana, ya ce majigi da duhu yake aiki. Na ce duhu ba abin wuya ba ne wurin mai tsari. Na sa yara suka bi gida-gida suka kwanto asabarin ƙofofi, na garin kaf, har da nawa, muka toshe tagogi da ƙofar aji ninki-ninki.

Muna cikin haka Inna Gwamma ta iso, tana dogara sanda.

"Malam, mi za ka gwada ma ɗiyanga da rana tsaka?"

Na ce ilimi. Ta ce ta taɓa ganin majigi a Yelwa, kuma abin da ta gani tatsuniya ce aka sa wa ƙafafu. Ta tuna mini abin da kowa ya sani, cewa ba a tatsuniya da rana, wanda ya yi ko ya saurara ɓata zai yi, ya rasa hanyar gidansu. Na yi irin murmushin nan na wanda ya yi aji huɗu da kwas na wata shida. Na ce wannan camfi ne.

"Na ji," in ji ta. "In ɗa guda ya ɓace yau, gobe ka karantar da benci."

Ni kuma, don kada a ce tsohuwa ta fi ni baki a gaban yara, na ce in har aka sami wanda ya ɓata a garin nan yau, ni da kaina zan cire takalmi in zauna a tabarmarta in ji tatsuniya. Ta ce Allah ya kai mu, ta juya.

Aka tayar da inji. Fim na farko lafiya lau, a kan ƙuda ne da rufe abinci. An nuna ƙuda ya kai girman akuya, yara suka yi ihu, ni ina gefe ina gyaɗa kai. Da ya ƙare sai Ɗanjuma ya ce akwai wani da yara ke so, bari ya ƙara musu. Ban tambaye shi ko mene ne ba. Wannan shi ne kuskurena na biyu, in an sa na asabari a na ɗaya.

Abin da ya fito a bango shi ne wani gari na mutanen wata ƙasa, da wani dodo mai gashi da ya zo ya zauna a kan idon ruwansu, da wani tsoho mai 'ya'ya uku maza. Tun daga nan na gane tatsuniya ce. Maganar da suke yi kuma ba Turanci ba ce, ko kuwa Turancin ne da ba a koya mana ba. Amma tunda na riga na gaya wa yara zan riƙa yi musu fassara, sai na miƙe na kama aiki. Na ce wannan darasi ne a kan tsabtar ruwan sha.

Babban ɗan ya ɗauki takobi ya kama hanya. A bakin hanya ga wata tsohuwa da ƙunshin itace, tana yi masa alama ya ɗora mata. Ya wuce ko kallonta bai yi ba. Na ce wa yara su lura, wannan mutum ne mai kiyaye lokaci, ba ya tsayawa hira a hanya. Sai wata yarinya, Talatu, jikar Inna Gwamma, wadda tunda ta shigo ajina ban taɓa jin muryarta ba, ta ce daga cikin duhu:

"Shi kam ya mutu."

Na ce wa ya ce a yi magana. Kafin in rufe baki babban ɗan ya shiga daji ya rasa hanya, dodo ya kama shi ya jefa a kogo. Ajin ya ɗauki sowa. Na biyu ya fito, yara suka ce shi ma zai wuce ta. Ya wuce ta. Suka ce kogo. Kogo kuwa. Ni mai fassara na koma ina bin bayansu, su faɗa, bango ya nuna, sannan ni in maimaita da muryar hukuma. Da autan ya fito, ɗan siriri ba takobi, ajin gaba ɗaya ya miƙe tsaye yana ce masa ya ɗora mata, ya ɗora mata. Ya ɗora mata, har ya kai mata gida. Ta ba shi wata 'yar ƙwarya, ta nuna masa hanya da sanda.

Abin ya ɗaure mini kai. Waɗannan yara ba su taɓa ganin majigi ba, ba sa jin harshen, amma sun san hanyar labarin kamar yadda suka san hanyar rafi. Ni da agogona ban san komai ba. Kuma (wannan ban taɓa gaya wa kowa ba sai yau) na daina fassara ne ba don fushi ba. Mantawa na yi. Bakina a buɗe yake.

Auta ya isa bakin kogo. Dodo ya miƙe, kansa ya taɓa rufin aji. Ya buɗe baki. Sai inji ya yi tari sau biyu, ya mutu.

Ɗanjuma ya ja igiya, ya ja, ya ce injin ya yi zafi, kuma su yanzu tafiya za su yi kada dare ya yi musu. Mu ma a ciki mun kusa dahuwa, don haka aka yaye asabarin aka jibge a kusurwa, rana ta shigo fes. Na tafa hannu na ce an tashi, kowa ya yi layi.

Ba wanda ya motsa. Ƙananan suka fara kuka. Talatu ta ce ba a barin dodo a tsaye, in aka tashi bai mutu ba zai bi mutane gida. Na ga in suka fita da wannan kuka, Inna Gwamma ta ci ni tun kafin la'asar. Sai na ce to su saurara, ni na san ƙarshen. Na ce auta ya koma gari ya kai ƙarar dodo wurin alƙali, aka aika masa sammaci, aka yi masa gargaɗi, ya yi alkawari ba zai sake ba.

Ban taɓa ganin raini irin wanda na gani a fuskokin nan ba. Wani ya tambaye ni to ƙwaryar fa, don me tsohuwa ta ba shi. Wata ta ce yayyensa fa, a kogo za a bar su. Talatu ta ce sai dodo ya kawo hari sau uku, a na uku ne ake kashe shi. Da na ji an ce sau uku, a jere, sai wani abu ya motsa a zuciyata. Ashe abin yana da tsari. Ashe doka gare shi, ta ma fi ta makarantata tsauri.

Ban san lokacin da na hau benci ba. Na yi harin farko, auta ya kauce. Na yi na biyu da muryar dodo, wata murya da ban san ina da ita ba, hulata ta faɗi ban kula ba. A na uku na ɗaga kwanon alli a matsayin ƙwarya, na tsotse idon ruwan nan kaf na watsa wa dodo, ya narke, na faɗo daga benci na yi shure-shure a ƙasa don su tabbata ya mutu. Na fito da yayye daga kogo suna sunkuyar da kai. Na mayar wa gari ruwansa. Na ce ƙurungus, yara suka amsa da ihu.

Da na ɗago daga ƙasa, kowace taga cike take da kawunan iyaye mata. Sun zo karɓar asabarinsu. Rana kuwa tana tsaka, ba ko gajimare.

Na kakkaɓe riga, na mayar da hula da fuskata ta kullum. Na ce ba a ba da asabari yau, sai gobe da safe a jere, don kada a yi rikici. (Kuskure na uku. Ku riƙa ƙirgawa.) Sannan na tuna sharaɗin Inna Gwamma. Na sa yara a layi biyu-biyu, na ce ni da kaina zan raka kowa har ƙofar gidansu. Haka aka yi. Yaro ya nuna gida, uwa ta fito, in ce ta shaida ga ɗanta, mu wuce. Har na ƙarshe, can ƙarshen gari wajen masu kyafa kifi. Ba ɗa ɗaya da ya ɓata. Na juyo ina jin kaina kamar wanda ya ci yaƙi.

Sai na dubi gari. Ƙofofi a buɗe, baƙi ƙirin, layi bayan layi, duk iri ɗaya kamar haƙoran mataji.

Ban damu ba da farko. Na kama hanya da saurin mai abin yi. A wata kwana na hangi tsohuwa zaune a bakin wata ƙofa da ƙunshin itace a gabanta. Inna Gwamma ce. Ta ce, "Ɗana, ɗora mini." Na san in na tsaya za ta ga idona ta gane, don haka na kawar da kai gefe, na dubi agogo, na ce ina sauri. Na wuce.

Na ga wani gida da turmi a ƙofa irin namu, na shiga. Wata mata na gani tana dama fura, ba Hajara ba. Muka kalli juna. Na ce na zo duba tsabta ne, bisa darasin ƙuda. Na buɗe randarta na leƙa, na ce madalla, a ci gaba da rufewa, na fito.

Na yi tafiya mai nisa, na karya hagu, na sake karya hagu, sai ga ni a gaban tsohuwa da itace. Ta sake cewa in ɗora mata. Na sake duban agogo, fuskata na kallon ɗaya gefen. A wannan karon na ji ƙananan sawu a bayana. Yaran da na raka gida sun fito, suna bina daga nesa, a layi biyu-biyu yadda na koya musu.

Gida na gaba na tabbata nawa ne, don akwai buta a inda nake ajiye tawa. Na faɗa ciki don in tsere wa yaran, na tuɓe riga da takalmi, na miƙe a kan tabarma, na ce Hajara ta kawo ruwa, kuma duk wanda ya zo ta ce ba na nan. Aka kawo ruwa. Na sha rabi kafin in lura hannun da ya miƙo mini mai gashi ne. Bulus ne, masunci, mai gidan. Ya ce in sha a hankali, gida nawa ne, sai dai matarsa sunanta Saratu.

Na mayar da riga, na fito da takalmi a hannu. Yanzu ba yara kaɗai ba, har da mata, har da wadda na duba wa randa. Ba mai dariya da ƙarfi, abin da ya fi ciwo ke nan. Na sa kai gaba, na karya dama don in canza sa'a, na yi ta tafiya, sai ga itace, sai ga tsohuwa. A wannan karon kallona kawai take yi. Talatu ta matso kusa da ni, ta yi ƙasa da murya kamar mai taimakon ɗan ajinsu a jarrabawa.

"Malam, na uku ke nan."

Na ajiye takalmi. Na durƙusa na ce, "Inna, kawo in ɗora miki." Ta ce ai yanzu wuyanta ya gaji da jira, sai dai in kai mata. Aka ɗora mini itace a ka, a kan hular da na zo da ita daga Yelwa. Ta shiga gaba da sanda, ina biye, gari na biye da ni. Ta bi da ni ta bakin masallaci daidai lokacin da maza suka fito daga sallar la'asar. Ta bi da ni ta bakin ruwa inda ake gyaran taru, ta tsaya ta gaisa da kowa, ta tambayi lafiyar iyali ɗaya bayan ɗaya. Ta bi da ni ta gaban makarantata. Sannan muka karyo wata kwana, ta tsaya daidai inda na same ta zaune, ta nuna ƙofar da sanda.

"Ga gidanka, Malam. Shiga da itacen, na matarka ne."

Hajara na tsaye daga ciki, ta cusa gefen zane a baki, hawayen dariya na zuba. Sau biyu ta ga wucewata. Ta ce Inna ce ta ce kada ta yi tari. (Har yau ban gama yafe wannan ba, ko da yake an ce in bar maganar.)

Na sauke kaya, na tattara ɗan abin da ya rage mini na murya, na ce a dai shaida ba yaro ko ɗaya da ya ɓata. Inna Gwamma ta ce gaskiya ne, ta shaida. Ta juya wurin matan ta ce daga gobe kowace ta tura ɗanta makaranta, kada a bar ko ɗaya a kwalekwale, don bai kamata a bar bawan Allah nan yana yawo shi kaɗai ba, dole a sami masu rako shi gida kullum.

Haka kuwa aka yi. Da babban malami ya dawo ya tarar yara har a ƙasa, ya tambaye ni wace dabara na yi. Na ce tsari. Da aka tashi ya ga makaranta gaba ɗaya ta yi layi ta sa ni a tsakiya, ya ce bai taɓa ganin malamin da yara ke ƙauna haka ba. Ban gyara masa ba.

Alkawari kuma na cika. A daren na cire takalmi na zauna a tabarma tsakanin Talatu da wani mai majina, na amsa da bakina cewa ta zo mu ji ta. Na goge dalilai ukun nan daga allo. A tabarmar ne na gane abin da yaran ke nema. An ɗauke su daga gungunsu, sun ga ruwa ya rufe inda aka binne cibiyarsu, ba wanda ya tambaye su. A labari kuwa, ko na Inna ko na bango, ƙarami yana da dama, wanda ya taimaki tsohuwa ba ya taɓewa, kuma komai nisan daji ana komawa gida. Ni dai darasin da na samu bai kai wannan zurfi ba. Na gane cewa a kowane labari akwai babban wa mai duban agogo, kuma ba ya taɓa sanin shi ne.

Yanzu jikokina a waya suke kallon irin waɗannan finafinai, da rana tsaka, ba asabari ba komai, kuma har yau 'ya'ya uku ne da tsohuwa a bakin hanya. Roƙona gare ka, mai karatu, guda ɗaya ne. In ka tarar da yaranka suna kallo, ko aike za ka yi musu, kada ka kashe musu kallon dodo yana tsaye. Ka jira a yi na uku.